Ƙuri'ar Goro a Sabon Zango

SHAFI NA 19

Masu turo min saƙo cewa na bar Rahamatu a rumfa ruwan sama yana dukanta, na ji ku, ku yi haƙuri. Ke kuma da kika rantse in Issaka ya tafi da yarinyar nan kin daina karantawa, ke ma na ji ki. Gyara zama.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Kumasi ce, shekarar 1924. Annobar da ɓeraye suka kawo ta ci mijin Rahamatu, hukuma ta rushe gidajen tsohon Zango ta gina sababbin ɗakuna. Layinsu Rahamatu gida goma sha takwas ne, ɗaki shida kacal aka ba su. Mai unguwa ya ce a yi ƙuri'a yau bayan la'asar: farin goro shida, ja goma sha biyu, a zuba a ƙwarya a rufe da zane, wanda ya ciro fari ɗaki nasa ne. Shi kuma Issaka, ƙanen mijinta, ya zo daga Salaga da magana ɗaya: in Rahamatu ba ta sami ɗaki nata na kanta ba, 'yarta Sahadatu za ta bi shi.

*

Hantsi bai gama ɗagawa ba, Rahamatu tana juya waina a tanda, sai ga Azumi ta faɗo rumfar tana haki.

Azumi dattijuwa ce 'yar Moshi, tare suke kwana a rumfar nan tun ranar da aka rushe gidaje. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta, ga kuma sirkin kalmomin mutanen Kumasi.

"Rahamatu! Kana nan kana suya, an ba da wurinka!"

"Wane wuri, Mma Azumi?"

"Wurin ɗaukar goro mana. Ba kai ne na farko ba, saboda gidan babanka ya fi tsufa a layi? To Buraima ya ba Garuba. Yanzu kai ne na ƙarshe kraa, ni ma ina gabanka."

Rahamatu ta tsaya da cokali a hannu.

"Yaya Buraima? Wana?"

"Kana da wani Buraima ne?"

Wainar ta ƙone a tanda, ba ta ko kalle ta ba. Ta ja mayafi ta fita.

*

A farfajiyar Garuba ta sami Buraima, ya tsuguna yana yayyafa wa huhun goro ruwa. Garuba dai shi ne babban dillalin goro na unguwa, kuma a ƙarƙashinsa Buraima yake ci yake sha tun yana saurayi.

"Yaya, da gaske ne?"

Bai ɗago ba.

"Ina kwana dai ba ya cikin bakinki yau?"

"Ina kwana. Da gaske ne ka ba da wurina?"

"Rage murya, maigida yana ciki."

"Ya fito ya ji! Yaya, Sahadatu fa. 'Yar da kake goyo a wuyanka kana kai ta kallon lori a tasha. Ita ka ba da!"

Sai a nan ya miƙe, yana share hannu a riga.

"Ke kin cika wuta. Malam Rafi'u da kansa ya faɗa a masallaci, na farko da na ƙarshe duk ɗaya ne a ƙuri'a. To me kika rasa?"

"Duk ɗaya ne?"

"Haka ya ce."

"To in duk ɗaya ne, me ya sa Garuba yake son na farko?"

Jama'a, Buraima mutum ne mai baki, a kasuwa ba a kada shi a ciniki. Amma yau ƙanwarsa ta kada shi. Ya dubi huhu, ya dubi ƙofa, ya sosa ƙeya.

"Manya suna son girma ne kawai."

"Taso mu je wurin Malam ka faɗa a gabansa."

"Ina aiki."

"Wallahi ko ka taso, ko in zauna a nan in yi ta kururuwa har matan layi su cika gidan nan."

Ya san halinta sarai. Ya sa takalmi.

*

Malam Rafi'u yana zaure. Shi ne mai raba gado a unguwar, lissafi a wurinsa kamar shan ruwa, shi ya sa mai unguwa ya ɗora masa ƙuri'ar. Ga ƙwaryar nan a gefensa an rufe da farin zane.

Suka gaisa. Rahamatu ta durƙusa ta zayyana masa komai.

Malam ya yi murmushi.

"'Yata, kwantar da hankalinki. Me kike tsoro a na ƙarshe?"

"Allah gafarta Malam, na farko yana da farare shida a gabansa. Ni kuwa sai abin da aka rage."

"Gaskiya ne. Jajaye nawa ke gabansa?"

"Goma sha biyu."

"To kin manta da su. Duk wanda ya ciro ja, ke ya ɗauke wa wannan jan. Ke kina ƙirga masu cinye miki fari, ba kya ƙirga masu kwashe miki ja."



Ya ɗaga zanen, ya ɗebo goro uku, fari ɗaya da ja biyu, ya jera a tabarma.

"Mu uku ne a nan. Ni na farko, Buraima na biyu, ke ta ƙarshe. A ce an jera goron nan cikin duhu, kowa ya ɗauki na gabansa. Ina farin zai iya kasancewa?"

"Ko gabanka, ko gaban Yaya, ko gabana."

"Akwai inda ya fi so a cikin ukun?"

"Goro ne, Malam, ai ba shi da so."

"Madalla. Ɗaya cikin uku ke nan a gare ni, ɗaya cikin uku a gare ki. Haka yake in mutum sha takwas ne da fari shida. Goron bai san wa ya fara sa hannu ba."

Rahamatu ta ji wani sanyi ya ɗan sauka a ƙirjinta. Tun da Issaka ya iso garin nan, yau ne karo na farko da wani ya yi mata maganar da ta iya riƙewa.

Buraima ya washe baki.

"Kin ji ko? Ba ga shi ba. Mu tafi."

"Tsaya, Yaya. Malam, na yarda. Amma tambayata tana nan. Garuba ba yaro ba ne, ba ya bin abin da ba riba. Me ya sa ya nemi wurina?"

Malam ya shafa gemu.

"Wa ke bin Garuba a layi yanzu?"

"Mutala," in ji Rahamatu, "sai Gausu, sai Mamudu mai huhu..."

Ta tsaya.

"Duk mutanen gidan goro ne, Malam. Har mutum shida na farko."

Murmushin Malam ya ɗauke. Ya jawo ƙwaryar gabansa a hankali.

"Lissafina yana da sharaɗi ɗaya, 'yata, kuma ban faɗe shi a masallaci ba don na ɗauka a fili yake. Sai in hannu makaho ne. In hannu yana gani, lissafin ya tashi."

Ya juya.

"Buraima, wa ya kawo goron nan?"

"Maigida ne ya bayar sadaka."

"Wa ya zaɓo?"

Buraima ya kau da kai.

"Sa hannunka a ƙarƙashin zanen nan ka ciro min fari."

"Haba Malam, ai ba lokaci..."

"Don darajar mahaifinka da muka yi karatu tare. Kuma kada ka yi min wasa, Allah yana kallon hannun ko ni ban gani ba."

Buraima ya sa hannu. Ko daɗewa bai yi ba.

Fari.

Malam ya mayar, ya girgiza ƙwaryar.

"Wannan ba komai, ɗaya cikin uku kowa na iya dacewa. Sake."

Fari.

"Ɗaya cikin tara. Ana samu. Sake."

Fari.

"Ɗaya cikin ashirin da bakwai. Buraima, ko dai kai waliyyi ne ba mu sani ba? Sake."

Zufa ta keto wa Buraima. Ya sa hannu, ya ciro, ya buɗe tafi.

Fari tas.

"Ɗaya cikin tamanin da ɗaya," in ji Malam. "Ni ban isa in ce Allah ba zai iya ba mutum haka ba. Amma na isa in ce ka gaya min gaskiya."

Buraima ya zube a tabarma, ya rufe fuska da hannu.

"Fararen daushe ne, Malam. Goron bara. Fatarsu ta ɗan tsotse, ba su da sanyi a hannu. Jajayen kuwa sabon sauka ne, sumul, da danshi. Kai ba za ka ji ba. Amma wanda ya tashi a cikin goro, ko yana barci zai raba su."

"Innalillahi," in ji Malam.

Rahamatu ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da ya fi wa Buraima sauƙi.

"Yaya, ka sani. Ka san duk fararen za su ƙare kafin a zo kaina."

"Ya yi min alkawari! Ya ce baƙinsa fatake zai sauke a ɗakunan, amma zai duba miki wani lungu a gidansa. Na ce tabbas ya fi ɗaya cikin uku. Don Sahadatu na yi, wallahi don ita na yi."

"Ya ce zai ba ni, ko ya ce zai duba?"

Buraima ya sunkuyar da kai.

"Zai duba."

"Malam, 'zan duba' na Garuba, ɗaya cikin nawa ne?"

Malam ya so ya yi dariya, ya danne.

Can Buraima ya ɗago da sauri, idonsa ja.

"Akwai hanya. Malam, ka mayar mata da wurinta na farko, ai haƙƙinta ne, ba wanda zai yi musu. Ni zan ɗaukar mata. Ba ɗaya cikin uku ba, ba ɗaya cikin biyu ba, ɗaki a hannu. Sahadatu ta zauna. Mu rufe bakinmu kawai."

Malam bai dubi Buraima ba. Rahamatu ya kalla.

Ni dai ba zan yi muku ƙarya ba, da ni ce a wurin nan ban san me zan ce ba. Kuma Rahamatu ma ta so. Ta so ƙwarai, har bakinta ya buɗe zai ce to. Ta ga Sahadatu a bayan lori tana waiwaye. Ta ga kanta a rumfa ita kaɗai da tanda.

Sai ta tuna wa ke tsaye a gabanta a layin. Mma Azumi, wadda ba ta da kowa a gidan goro, wadda ta rufa wa Sahadatu zanenta ɗaya tilo ranar da ruwa ya ratsa rumfa.

"In ka ɗaukar min, Yaya, sauran biyar ɗin fa?"

"Mutanen maigida za su kwashe."

"Su Mma Azumi su zo su sa hannu a ƙwaryar da ba komai a ciki sai ja, suna bisimilla?"

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Ina tsoro, Malam. Wallahi ina tsoro kamar in mutu. Amma ba zan iya kwana a ɗakin nan ba."

"To me kike so a yi? A sake goro?"

"Ko wane goro aka kawo, hannunsu zai san wani abu da namu bai sani ba. A naɗe kowane ɗaya a ganyen fita, irin wanda ake rufe huhu, a yi masa kauri a ɗaure. Yaya ya iya naɗi. Ya naɗe su daidai wa daida a gabanka."

Malam ya dubi Buraima.

"Za ka iya ji ta cikin ganye?"

"In an ninka uku, ko maigida ba zai ji ba."

"Ka san abin da zai biyo baya tsakaninka da shi?"

Buraima ya dubi ƙanwarsa.

"A kawo ganyen."

"Ke kuma," in ji Malam, "in mayar miki da wurinki na farko?"

Rahamatu ta ja hanci, ta ɗan murmusa.

"Ba ka ce duk ɗaya ne ba? Bar wa Garuba girmansa."

*

Bayan la'asar filin gaban masallaci ya cika. Issaka yana gefe a tsaye, riƙe da hannun Sahadatu kamar an ce za a ƙwace. Kada ku tsane shi da yawa, shi ma 'yar ɗan'uwansa yake gudun ta kwana a ruwa.

Garuba ya iso da babbar riga, yana amsa gaisuwa hagu da dama.

Malam ya yi addu'a, sannan ya ce, "Jama'a, rabo na Allah ne, lissafi ba ya gaya wa kowa abin da zai samu. Abin da yake iya gaya mana shi ne ko an yi wa kowa daidai. Yau kowa ɗaya cikin uku ne. Garuba, bisimilla."

Garuba ya naɗe hannun riga, ya zura hannu ƙarƙashin zane.

Ku zo ku ga fuska.

Hannun ya yi ta yawo a ƙwarya, ya taɓa wannan, ya matsa wancan.

"Malam, mene ne wannan? Ganye nake ji."

"Ganye ne. Don kada goron sadakarka ya bushe."

Wani ya tuntsire da dariya a baya. Garuba ya waiga ya nemi Buraima da ido, Buraima yana kallon sama kamar mai duban hadari.

Ya ciro, ya warware.

Ja.

"Allah ya sa haka ne mafi alheri," in ji Malam. "Mutala!"

Mutala ya sami fari, kuma ba wanda ya ce komai, rabonsa ne. Gausu ja. Mamudu ja. Layi ya ci gaba, ana guɗa, ana salati. Wani tsoho makaho da bai taɓa sa rai ba ya warware fari, ya fashe da kuka jama'a suna taya shi.

Rahamatu ba ta ƙirga mutane, farare take ƙirgawa a yatsunta. Na uku ya fita. Na huɗu. Da na biyar ya fita ta nemi zama a ƙasa, Azumi ta tallabe ta.

"Tsaya da ƙafarka. Saura ɗaya yana ciki."

Ja. Ja. Ja kuma.



Malam ya yaye zanen gaba ɗaya, don ba sauran abin ɓoyewa. Ƙunshi biyu ne a gindin ƙwarya, mutum biyu ne a layi.

"Ɗaya fari, ɗaya ja," in ji Malam a hankali. "Yanzu rabi da rabi ne. Azumi, ke ce."

Azumi ta matso. Ta dubi ƙunshin biyu, ta dubi Rahamatu.

"Malam, ina da tambaya. In ni rabi ne, shi ma rabi ne, in mun haɗa fa?"

Idon Malam ya yi haske.

"Ɗaya ke nan cif, ba saura."

"Yoo. To mun haɗa. Rumfa ɗaya ta ɗauke mu, ɗaki ɗaya ma zai ɗauke mu."

Mata suka ɗauki guɗa. Amma kafin ta kai ko'ina, muryar Issaka ta yanke ta.

"A'a. Ba haka muka yi ba."

Ya matso, Sahadatu a hannunsa.

"Na ce ɗakinta na kanta. In farin ya faɗo a hannun wannan baiwar Allah, Rahamatu 'yar raɓe ce. Gobe a yi saɓani a ce ta kwashe kayanta, yarinya ta koma rumfa. Ɗakin wa za a ce? A faɗa min yanzu."

 Rahamatu ta san maganarsa ba ƙarya ba ce.

Azumi ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai, kana da magana paa."

Ta sunkuya, ta kwashi ƙunshin duka biyu. Ta kamo hannun Rahamatu na dama ta sa ɗaya, ta kamo na hagu ta sa ɗaya, ta dunƙule mata yatsu.

"Malam, ka shaida, jama'a ku shaida. Na ba shi nawa tun ban buɗe ba. Duka biyu nasa ne. Ni ce 'yar raɓe."

"Mma Azumi..." in ji Rahamatu. "In na kore ki fa?"

"Kore ni mu gani. Wa zai hura maka wuta da asuba?"

Issaka ya juya ga Malam.

"Wannan ya halatta?"

"Kyauta ce a gaban shaidu. Rabonta ne, ta bayar."

"To a buɗe in gani da idona."

Rahamatu ta warware na hannun dama da ƙyar.

Ja.

Wata mata ta saki salati, duk da kowa a filin nan ya san abin da hakan ke nufi. Ku ma da kuka bi lissafin Malam kun sani.

Amma Rahamatu ta kasa buɗe na biyun. Hawaye ya rufe mata ido, ta ja ɗaurin ganyen ya ƙi, ta sake ja ya ƙi.

Issaka ya tsaya yana kallonta. Ya kalli tsohuwar da ta ba da ɗakinta tana tsaye hannu wofi. Sannan ya sunkuyo da kai ya dubi ɗan hannun da ke cikin nasa.

Ya buɗe yatsunsa.

"Sahadatu, je ki taya uwarki."